Fonon: Rawar Ƙwayoyin Zarra a Daskararrun Abubuwa da Aikinta a Hasken Leza

Da asubahin ranar 7 ga Oktoba, 2008, wani dutse mai faɗin kimanin mita 4 ya faɗo daga sararin samaniya ya tarwatse a saman hamadar Nubiya, a arewacin Sudan. Shi ne dutse na farko da masana taurari suka hango tun yana kan hanya, suka kuma faɗi inda zai faɗa da lokacin da zai faɗa. A watan Disamba na wannan shekara, Dokta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens na cibiyar SETI da ke Amurka suka kwashi ɗalibai da ma'aikatan jami'ar zuwa hamadar. Suka jera sahu suna tafiya a ƙasa suna duba rairayi, kuma bayan zuwa da dama suka tara gutsattsari kimanin 600, masu nauyin fiye da kilo 10. An raɗa wa dutsen suna Almahata Sitta, wato Tasha ta Shida da Larabci, saboda tashar jirgin ƙasa da ke kusa da wurin, a kan layin dogon da ya haɗa Wadi Halfa da Abu Hamed.

A ido, gutsattsarin baƙaƙen tsakuwoyi ne kawai. Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka bi don sanin abin da ke cikinsu ba tare da sun daka su ba ita ce haska musu leza, su auna hasken da ya dawo. Hasken ya nuna akwai ƙananan ƙwayoyin daimon a ciki, cakuɗe da girafait, baƙin sinadarin nan da ke cikin fensir. Abin da ya ba da wannan amsa shi ne fonon, wato ƙullin kuzarin girgizar da ƙwayoyin zarra ke yi a cikin duk wani daskararren abu. Shi ne kuma abin da na'urar leza ke dogara da shi wajen aiki, kuma shi ne babbar matsalarta.

Mene ne fonon?

Dutse da gilashi da ƙarfe duk an gina su ne da ƙwayoyin zarra. A cikin ɗan guntun silikon mai girman sukari ƙwaya ɗaya akwai ƙwayoyin zarra da adadinsu ya kai lamba 5 da sifili 22 a bayanta. A abubuwan da ake kira kiristal, kamar gishiri da daimon da yakutu, ƙwayoyin suna jere ne sahu-sahu cikin tsari, kowace tana riƙe da maƙwabtanta. Ba sa barin wurarensu, amma kuma ba sa tsayawa cik. Kullum cikin rawa suke, kuma wannan rawa ita ce muke ji a hannu a matsayin zafi.

Da yake a ɗaure suke da juna, babu wadda ke rawa ita kaɗai. Wanda ya san angareb, gadon igiyar nan da masassaƙa ke ɗaurawa a kasuwar Omdurman, zai gane batun: in ka ja igiya ɗaya a gefen ƙafa, sai motsin ya bi saƙar har gefen kai. Haka girgiza ke ratsa kiristal, kamar igiyar ruwa. Sauti ma a cikin daskararren abu irin wannan girgiza ne. A iska yana tafiyar mita 343 a sakan ɗaya, a ƙarfe ya kusa mita 6,000, a daimon kuwa yakan kai kimanin mita 18,000.

Abin da kimiyyar ƙarni na 20 ta gano shi ne, kuzarin wannan girgiza ba ya ƙaruwa ko raguwa yadda aka ga dama. Ƙulli-ƙulli yake zuwa, kamar sukarin mai tireda: ko dai ka sayi ƙulli ɗaya, ko biyu, ko goma, amma ba ya sayar da rabin ƙulli. Girman ƙullin ya danganta ne da saurin kaɗawar. Girgiza mai saurin kaɗawa ƙullinta babba ne, mai kaɗawa a hankali ƙullinta ƙarami. Ƙulli ɗaya na girgizar kiristal shi ne fonon, kamar yadda ƙulli ɗaya na haske shi ne foton. Ba a iya ciro fonon daga dutse a ajiye shi gefe, domin motsin dukan jerin ne, ba wata ƙwaya ba.

Yadda aka gano shi

A 1819, Faransawa biyu, Pierre Dulong da Alexis Petit, suka lura cewa yawancin daskararrun sinadarai suna buƙatar zafi kusan iri ɗaya kafin ɗuminsu ya ƙaru da digiri ɗaya, muddin adadin ƙwayoyin zarrarsu ɗaya ne. Daimon ya ƙi bin wannan ƙa'ida: a ɗumin ɗaki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake tsammani kawai yake ɗauka.

Albert Einstein ne ya warware wannan a 1907, da ya ɗauko ra'ayin ƙullin kuzari da Max Planck ya kawo a 1900 ya ɗora shi a kan rawar ƙwayoyin zarra. Ƙwayoyin kabon na daimon ba su da nauyi, ga shi kuma sun riƙe juna gam, don haka suna kaɗawa da sauri ƙwarai, ƙullinsu kuma babba ne. Mafi girmansa ya ninka kuzarin da ɗumin ɗaki ke iya bayarwa fiye da sau shida. Zafin ɗaki ba shi da kuɗin sayen irin wannan ƙulli, shi ya sa da yawa daga cikin girgizar daimon ke zama a kwance. A 1912 Peter Debye ya gyara lissafin, Max Born da Theodore von Kármán kuma suka zayyana yadda girgiza ke bin jerin ƙwayoyi. Barashe Igor Tamm ya yi bayanin ƙullin sauti a 1930, sannan Yakov Frenkel ya ba shi suna fonon a 1932, daga kalmar Girkanci mai nufin murya. A shekarun 1950, Bertram Brockhouse na Kanada ya ƙirƙiro hanyar auna fonon kai tsaye ta hanyar harba wa kiristal ƙwayoyin niyutoron, aikin da ya samo masa kyautar Nobel a 1994.

Iri biyu na fonon

Iri na farko ana kiran sa fonon na sauti. A nan maƙwabtan ƙwayoyi suna karkata gefe guda tare, kamar yadda iska ke kwantar da karan gero a gona. Wannan iri shi ne ke ɗauke da sauti, kuma shi ne ke ɗaukar mafi yawan zafi a abubuwan da ba sa wuce da lantarki. Idan mai shayi a bakin kogin Nilu ta zuba shayi a kofin gilashi, girgizar ƙwayoyin gilashin ce ke kai zafin ga yatsun mai sha. A cokalin ƙarfe kuwa, ƙwayoyin ilektaron ne ke yin mafi yawan dakon. Duk da haka daimon, wanda fonon kaɗai ke masa dako, ya fi jan ƙarfe saurin wuce da zafi kusan sau biyar.

Iri na biyu shi ne fonon na haske. A nan maƙwabta biyu suna saɓa wa juna, kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sama, ta waccan na ƙasa. Kaɗawar tana da sauri matuƙa. A silikon ta haura sau tiriliyan 15 a sakan, a daimon kusan sau tiriliyan 40. Sunan ya samo asali ne daga kiristal irin na gishirin girki, inda maƙwabtan biyu ke ɗauke da cajin lantarki masu saɓani, ta yadda hasken ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani, ke iya kaɗa su kai tsaye. Kowane kiristal yana da nasa saurin kaɗawa, gwargwadon nauyin ƙwayoyinsa da ƙarfin riƙonsu. Wannan ne ya sa fonon ya zama kamar zanen yatsa: da shi ake gane wane abu ne wane.

Idan haske ya ci karo da fonon

Haske ma igiya ne, kuma launinsa ya danganta da tazarar da ke tsakanin tozon igiya ɗaya da na gaba. Ana kiran wannan tazara tsawon zango, ana kuma auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ido yana ganin daga kimanin nanomita 400, launin shuɗi mai duhu, zuwa 700, launin ja. Gajeren zango ya fi kuzari.

Idan haske ya faɗa kan abu, kusan duk foton da ya watsu yana fita da launin da ya shiga da shi. Amma ɗaya cikin kimanin miliyan 10 yakan bar ƙulli ɗaya na kuzarinsa a cikin abin, ya haifar da fonon, ya fita da zango mai ɗan tsawo. Wani lokaci akasin haka ke faruwa: ya haɗiye fonon da ya tarar, ya fita da ƙarin kuzari. Ba'indiye C. V. Raman da abokin aikinsa K. S. Krishnan ne suka ga wannan a birnin Kalkata a watan Fabrairu na 1928, a daidai lokacin da Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam suka gan shi a kiristal ɗin kwaz a Mosko. Raman ya karɓi kyautar Nobel a 1930, kuma sunansa ne ya bi abin: watsuwar Raman. Irin wannan musaya da fonon na sauti ana kiran ta watsuwar Brillouin, da sunan Bafaranshe Léon Brillouin wanda ya yi hasashenta a 1922.

Kafin zuwan leza, hasken da ya sauya launi ya yi rauni sosai, sai an daɗe ana tara shi. Leza ta sauƙaƙa aikin domin launinta ɗaya ne tak, ga ƙarfi, ga shi ana iya tattara ta a kan ɗigon da bai kai kaurin silin gashi ba. Idan aka haska wa daimon koriyar leza mai nanomita 532, sai a ga wani siririn layi mai ruwan ɗorawa a nanomita 573. Girafait na ba da nasa kusa da 581, silikon kuma kusa da 547. Daimon da girafait duka kabon ne zalla, bambancinsu tsarin jeri ne kawai, amma fonon na raba su nan take.

Haka aka karanta gutsattsarin Almahata Sitta. Wani bincike da aka wallafa a 2011 ya yi amfani da wannan hanya a kan daimon da girafait ɗin da ke cikinsu. Matsayin layin da faɗinsa suna nuna irin matsi da zafin da kiristal ya sha, domin matsi na sauya saurin kaɗawar ƙwayoyi. A 2018 wasu masana a birnin Lozan na ƙasar Siwizalan, da suka duba daimon ɗin da madubin ilektaron, suka ce ya samu ne a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya kusan sau 200,000, a cikin wata duniya da ta tarwatse tun farkon samuwar duniyoyin da ke kewaya rana. Wasu masanan sun ƙalubalanci wannan, suna ganin karo tsakanin manyan duwatsun sama ya isa ya samar da irin wannan daimon.

Hanyar Raman ta shiga ayyukan yau da kullum. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta yi amfani da na'urar hannu mai suna TruScan wajen gane jabun magunguna. Masu sayen duwatsu masu daraja na tantance na gaske da ita. Motar binciken Perseverance da ta sauka a duniyar Mars a ranar 18 ga Fabrairu, 2021, tana ɗauke da na'urori biyu masu wannan aiki, ɗaya daga cikinsu, SuperCam, da hannun masanan Faransa aka ƙera ta.

Aikin fonon a cikin na'urar leza

Ilektaron da ke cikin ƙwayar zarra yana zama ne a kan matakai, kamar na bene. In ya sami kuzari ya hau, in ya sauko ya saki kuzarin, ko dai a matsayin haske ko a matsayin girgiza. Einstein ya nuna a 1917 cewa foton da ya zo wucewa na iya tunzura ilektaron da ke sama ya sauko ya saki wani foton mai kama da shi sak. Leza ita ce wannan tunzuri da ake ta maimaitawa tsakanin madubai biyu. Sharaɗinta ɗaya ne: waɗanda ke matakin sama su fi na matakin ƙasa yawa, in ba haka ba na ƙasan za su shanye hasken.

Theodore Maiman ya kunna leza ta farko ranar 16 ga Mayu, 1960, a Malibu da ke jihar Kalifoniya, da sandar jan yakutu na haɗi. Fitila mai walƙiya na tura ilektaron ɗin sinadarin kuromiyam da ke cikin yakutun zuwa wani babban mataki da koren haske da shuɗi. Ba sa daɗewa a can. Nan take suke zubar da rarar kuzarinsu a matsayin fonon, su faɗo wani mataki na tsakiya inda za su iya jira na kusan kashi 3 cikin 1,000 na sakan, wanda a wannan duniya dogon zama ne. A nan suke taruwa har su yi yawa, sai su sauko tare da jan haske mai nanomita 694. Da babu fonon da ke kwashe rarar, da ba za su taru ba.

A 1964 aka ƙera leza ta Nd:YAG a ɗakunan binciken Bell, wadda kiristal ɗinta ke ɗauke da sinadarin niyodimiyam. A nan fonon na aiki sau biyu: yana sauko da ilektaron zuwa matakin jira, yana kuma share matakin da suke faɗawa bayan sun saki haske, ta yadda kullum yake zama kusan fanko. Shi ya sa wannan leza ba ta buƙatar turi mai yawa, kuma tana iya ci ba tsayawa. Hasken da take fitarwa, mai nanomita 1,064, da shi ake walda da zane a kan ƙarfe, da shi kuma likitocin ido ke huda yanar da kan sake rufe ido bayan aikin cire yana. Koren hasken ƴar lezar nuni da malamai ke riƙewa ma daga irin wannan haske ake samun sa, bayan wani kiristal ya raba zangonsa biyu.

A wasu kiristal ɗin, ilektaron na sakin foton da fonon a tare, kuma rabon kuzarin tsakaninsu na iya sauyawa. Wannan ke ba leza damar fitar da launuka da yawa. Lezar shuɗin yakutu mai sinadarin titaniyam, wadda Peter Moulton ya ƙera a 1982, ana iya juya ta daga kimanin nanomita 650 zuwa 1,100, kuma da ita ake samar da walƙiyoyin haske mafiya gajarta da ake amfani da su a bincike.

Zafi: inda fonon ke zama matsala

Duk fonon da aka saki zafi ne. Ana tura lezar Nd:YAG da haske mai nanomita 808, ta fitar da mai 1,064, ke nan aƙalla kashi 24 cikin 100 na kuzarin ya tsaya a cikin kiristal. Tsakiyar sandar kan fi gefenta zafi, sai ta koma kamar gilashin tabarau, ta karkatar da hasken, in abin ya yi yawa ma ta tsage. Injiniyoyi na magance wannan ta hanyoyi da dama: sanyaya da ruwa, mayar da kiristal ɗin siririn faifai da aka manna a jikin abin sanyaya, ko miƙe shi ya zama dogon zaren gilashi. Wasu na zaɓar sinadarin itabiyam, wanda ake tura shi da nanomita 940 ya fitar da 1,030, asarar ba ta kai kashi 10 ba.

A gari irin Khartum, inda zafin watannin Mayu da Yuni ke wuce digiri 40, lamarin na ƙara tsananta. Ƙaramar lezar da ke tura kiristal ɗin tana sauya zangonta da kimanin kashi 3 cikin 10 na nanomita a kan kowane digiri. Ɗaki ya ƙara zafi da digiri 10, sai hasken turin ya kauce wa siririn zangon da niyodimiyam ke sha, ƙarfin lezar ya faɗi. Saboda haka ɗakin leza a Sahel ba ya aiki sai da tsayayyar wutar lantarki da na'urar sanyaya ɗaki.

Faifan sola ma na fama da wannan. Silikon na buƙatar taimakon fonon kafin ya iya shan mafi yawan hasken rana, kuma duk kuzarin foton da ya wuce abin da ake buƙata fonon ne ke tafiya da shi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa William Shockley da Hans Queisser suka lissafa a 1961 cewa faifai mai hawa ɗaya ba zai wuce kusan kashi 30 cikin 100 na hasken ya mayar lantarki ba. Ana gwada faifan ne a digiri 25, kuma yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri da ya ƙaru. Faifan da ya kai digiri 65 a kan rufin kwano a Omdurman ko Maraɗi ya yi asarar kusan kashi 16. Barin sarari a ƙarƙashinsa don iska ta riƙa wucewa na rage asarar. Dogaron silikon da fonon ne kuma ya sa ba ya iya fitar da haske sosai, shi ya sa ake yin ƙananan leza da fitilun LED da haɗe-haɗen sinadarin galiyam.

Zaren gilashi da intanet

Wayar ƙarƙashin teku ta EASSy, mai tsawon kusan kilomita 10,000, wadda ta fara aiki a 2010, ta taso ne daga Afirka ta Kudu ta ƙare a Port Sudan. Saƙonnin da ke bin irin wannan waya walƙiyoyin leza ne a cikin zaren gilashi, kuma zangon da aka fi amfani da shi a doguwar tafiya shi ne nanomita 1,550. An zaɓe shi ne domin yana tsakanin asara biyu. In zangon ya fi haka gajarta, rashin daidaiton cikin gilashin na watsar da hasken. In ya fi haka tsawo, girgizar ƙwayoyin silikon da oksijin na shanye shi. A 1,550, sai haske ya yi tafiyar kimanin kilomita 15 kafin ya rasa rabin ƙarfinsa.

Injiniyoyi sun kuma mayar da watsuwar Raman abin amfani. Idan aka tura ƙaƙƙarfan haske mai nanomita 1,450 a cikin zaren, yana miƙa kuzarinsa ga saƙon da ke 1,550, bambancin ya tafi a matsayin fonon, sai zaren da kansa ya zama amsa-kuwwar saƙon. Watsuwar Brillouin kuwa tana iyakance ƙarfin hasken da za a iya turawa, domin in ya wuce kima sai ya tayar da sauti a cikin gilashin, sautin ya mayar da hasken baya. Amma da yake saurin wannan sauti na sauyawa da zafi da kuma miƙewar zaren, ana shimfiɗa zare a gefen bututun mai ko madatsar ruwa don gano inda ya yi yoyo ko ya motsa.

Ga lezar da ke aiki da dogon zango, gilashin yau da kullum bai dace ba, domin manyan fonon ɗinsa na sace kuzarin ilektaron kafin ya zama haske. A tsakiyar shekarun 1970, masana a Jami'ar Rennes ta Faransa suka gano gilashin sinadarin fulorin, wanda ƙullin girgizarsa kusan rabin na gilashin yau da kullum ne.

Sanyaya abu da haske

Tunda foton na iya haɗiye fonon ya fita da shi, haske na iya fitar da zafi daga cikin abu. Bajamushe Peter Pringsheim ne ya kawo wannan ra'ayi a 1929. A 1995 masana a Los Alamos da ke Amurka suka sanyaya guntun gilashin fulorin mai itabiyam da kashi 3 cikin 10 na digiri, da leza kawai. A 2016 masana a Jami'ar New Mexico suka kai wani kiristal zuwa digiri 182 ƙasa da sifili. Firij irin wannan ba shi da injin da ke juyawa, don haka ba ya jijjiga, abin da na'urorin tauraron ɗan'adam ke buƙata. A 2010 kuma, wasu masana a Nottingham ta Ingila da wasu a Kalifoniya suka ba da rahoton na'urorin da ke ninka fonon kamar yadda leza ke ninka foton, wato lezar sauti.

Ilimin leza a Khartum da Omdurman

Jami'ar Khartum ta samo asali ne daga Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902, ta zama cikakkiyar jami'a a 1956. Tsangayar kimiyyarta na babbar harabar da ke gaɓar Shuɗin Nilu, tsangayar ilimi kuwa, mai horar da malaman makarantu, tana Omdurman. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, wadda ta sami matsayin jami'a a 1990, tana da Cibiyar Leza da ke ba da manyan digiri a kan amfani da leza a fannonin kimiyya da aikin injiniya da likitanci. A Jami'ar Khartum aka adana tarin Almahata Sitta, daga nan kuma aka riƙa aika gutsattsari zuwa ɗakunan bincike na ƙasashen waje.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya fara ne a tsakiyar birnin, kuma babbar harabar Jami'ar Khartum na dab da hedkwatar soja. An rufe jami'o'in birnin, an lalata gine-gine, an wawashe kayan aiki, malamai da ɗalibai suka watsu zuwa wasu jihohi da ƙasashe, wasu darussa suka koma ta intanet. Sojoji sun sake karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris na 2025.

Lissafin fonon ana iya koyar da shi da alli da allo, ko ta waya daga Alƙahira. Auna layin Raman na daimon kuwa sai da leza mai tsayayyen zango, da madubai marasa ƙura a garin da guguwar habub ke turnuƙewa, da ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar gwaji. Waɗannan su ne abubuwan da sake gina ɗakunan binciken Khartum da Omdurman ke buƙata, kuma su ne dai jami'o'in Yamai da Kano da Zariya ke buƙata in suna son ɗalibansu su iya tantance dutsen da aka haƙo, ko maganin da aka kama, ba tare da an aika shi ƙetare ba.